Asusun lambuna da filayen jama'a a Legas: yaya za a keɓe kuɗin kuma a hana taɓa su?

Baban Hafsa, Agege

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe da iyayenmu da malamanmu da sauran 'yan'uwa da ke wannan zaure. Na zo da tambayar da ta fi ƙarfin sanina, ga shi kuma lokaci ya fara ƙure mini.

Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu a nan Agege, wadda ta haɗa Hausawa da Yarbawa da sauran maƙwabta. Kowace shekara, kafin gwamna ya kai kasafin kuɗi gaban Majalisar Dokoki a Alausa, gwamnatin jiha takan kira taron jin ra'ayin jama'a a shiyyoyin Ikeja da Badagry da Ikorodu da Tsibirin Legas da Epe, kuma a bana ni aka ɗora wa rubuta takardar da za mu miƙa. Da muka zauna, kowa ya kawo maganar kwalbati da titi da fitilun kan hanya kamar yadda aka saba, sai wani dattijo ya ce shi buƙatarsa ɗaya ce, a samar wa yara filin wasa, domin jikokinsa a gefen layin dogo suke buga ƙwallo, kuma tun da jiragen ƙasa suka ƙaru hankalinsa bai sake kwanciya ba. Babu wanda ya yi masa musu. Mu da muka taso a garin nan mun tuna lokacin da washegarin Sallah ake kwasar yara a tafi Bar Beach. Yau wurin ya zama Eko Atlantic. Lambun JJT da na Ndubuisi Kanu da ke Alausa suna da kyau, amma magidancin da zai ɗauki mutum bakwai daga Agege ya kai su can ya dawo da su, sai ya yi lissafin kuɗin mota sau biyu kafin ya yi wa yara alkawari.

Inda kanmu ya rabu shi ne hanyar da za a bi. Wasu sun ce mu roƙi a ƙara wa hukumar lambuna ta jiha, wato LASPARK, kuɗi a kasafin baɗi, magana ta ƙare. Wasu kuma sun ce roƙon shekara-shekara bara ne, gara mu nemi Majalisa ta yi dokar da za ta keɓe wani kaso na kuɗin shigar jiha, misali daga harajin filaye da gidaje, a zuba a asusun da ba a taɓa shi sai don lambuna da itatuwa da sayen filayen da za a bar wa jama'a. Zuciyata ta fi karkata ga na biyun, saboda a yawon da na yi cikin ƙasar nan na ga lambu fiye da ɗaya da aka buɗe da kiɗa da yanka zare, bayan damina biyu ciyawa ta haɗiye kujerun, lilon yara ya karye, 'yan bola-jari sun kwashe ƙarafan shingen. Amma ina tsoron kada mu nemi a haƙa rijiyar da wasu za su riƙa ɗiba da daddare.

Shin doka ta ba jiha damar yin irin wannan asusu? Idan an yi, mene ne zai hana gwamnatin gobe ta ce aro ta ɗauka? Kuma wanne ya kamata a fi ba ƙarfi, kula da lambunan da ake da su ko sayen sababbin filaye tun ba a gine su ba?

Tsohon Akanta, Obalende

Wa alaikumus salam, Malam Baban Hafsa. Allah ya saka da alheri da kuka tuna da yara. Sai dai ni ba na goyon bayan keɓaɓɓen asusu, kuma zan faɗi dalilina a matsayin wanda ya yi shekara talatin da ɗoriya yana aikin lissafin kuɗin gwamnati kafin ya ajiye aiki.

Wannan dabarar ba baƙuwa ba ce a Nijeriya. Tun 1981 aka kafa Asusun Kula da Muhalli domin maganin zaizayar ƙasa da ambaliya da kwararowar hamada, aka fara da kashi 1 cikin ɗari na Asusun Tarayya, a 1992 aka mai da shi kashi 2. Kuɗin suna fita, jihohi da ƙananan hukumomi suna karɓar rabonsu, amma ka tambayi mutumin da zaizaya ta cinye gonarsa ko ya taɓa ganin lissafin rabon jiharsa. Shari'ar tsohon gwamnan Filato, Joshua Dariye, a kan wannan asusun aka yi ta: a 2018 kotu ta same shi da laifin karkatar da fiye da naira biliyan ɗaya na kuɗin muhalli, ta ɗaure shi shekara 14, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 10, a 2022 kuma aka yi masa afuwa. Kalmar "keɓaɓɓe" ba ta tsare ko naira ɗaya ba. A ganina ma ita ta sauƙaƙa ɓarnar, domin kuɗin da ke cikin kasafi duk shekara sai an kare su a gaban kwamiti, an yi tambaya an ba da amsa, amma kuɗin da ke gangarowa da kansu zuwa wani asusu na gefe, ido yakan ɗauke daga kansu.

Akwai kuma abin da ba a gani daga waje. Ranar da ofishin kasafi ya san cewa hukuma kaza ta samu asusunta, a shekarar zai zabtare abin da ya saba ba ta, sai a wayi gari an ba ka da hannun dama an karɓe da na hagu. Sannan ka dubi kwamishinan kuɗi a shekara irin 2024, lokacin da kwalara ta ɓarke a jihar nan: asibitoci suna neman ruwan ƙari, ga kuɗi a kulle an ce na yankan ciyawa ne. Kowane mai hankali zai buɗe, kuma wanda ya buɗe sau ɗaya don lalura ya koya wa na bayansa hanya. Ko asusun rarar kuɗin man fetur na PTF, da duk ƙarfin da yake da shi a zamanin Abacha, canjin gwamnati ɗaya ya rufe shi a 1999.

Cutar da ka gani a lambunan da ciyawa ta cinye sunanta daban. Kasafi kashi biyu ne, akwai na manyan ayyuka, akwai na gudanarwar yau da kullum. Gina lambu yana cikin na farko, yana da kwangila da allo mai ɗauke da sunan mai girma. Albashin gadina da man injin yankan ciyawa suna cikin na biyu, ba su da allo. Bayan haka, abin da Majalisa ta amince da shi daban, abin da baitulmali ya saki daban. Shawarata ita ce ku nemi a ware layi na musamman a kasafi mai suna kula da lambuna, a rubuta kowane lambu da adadinsa, sannan ku riƙa bin rahoton aiwatar da kasafi da jiha ke wallafawa duk wata uku, ku ga nawa aka saki. Jihar da kasafinta na 2025 ya haura naira tiriliyan 3 ba rashin kuɗi ne ke hana ta ban ruwan itace ba.

Lauyan Idi-Araba

Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Duk abin da kuka faɗa game da Asusun Muhalli gaskiya ne, kuma ba ni da abin cewa a kan bambancin amincewa da sakin kuɗi, domin a nan gizo yake saƙa. Amma ina neman izini in saɓa muku a kan hukuncin da kuka yanke.

Da farko, Malam Baban Hafsa, amsar tambayarka ta doka ita ce e. Sashe na 120 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk kuɗin shigar jiha su tafi babban asusun bai-ɗaya, amma ya togace kuɗin da wata dokar Majalisar Jiha ta ce a zuba a wani asusun da aka kafa don wata manufa ta musamman. Legas ma ta saba da kafa asusu ta hanyar doka: a 2007 ta kafa Asusun Amana na Tsaro, a 2016 ta kafa na samar da ayyukan yi. Sashe na 20 kuma ya ɗora wa gwamnati kare ruwa da iska da ƙasa da dazuzzuka da namun daji, sai dai yana cikin Babi na Biyu, wanda ba a kai gwamnati ƙara a kansa kai tsaye, don haka ku ambace shi a takardarku don ado da hujja, kada ku jingina da shi.

Dalilin da ya sa nake ganin lambu da fili sun cancanci keɓewa fiye da sauran abubuwa shi ne ba su da bakin kuka. Idan an riƙe albashin likitoci, za su tafi yajin aiki a ji. Idan an riƙe kuɗin ban ruwa, itacen zai bushe shiru. Titin da ba a yi bana ba ana iya yin sa baɗi da tsada kaɗan, amma filin da aka yanka aka gina bana ya tafi ke nan, musamman a jihar da ta fi kowace ƙanƙantar ƙasa a Nijeriya, wadda kuma wani babban ɓangarenta ruwa ne.

Labarin Amurka yana da amfani a nan, domin ya gaskata Baba Alhaji da farko, daga baya ya gaskata ni. A 1964 suka kafa asusun kiyaye ƙasa da ruwa, kuma daga baya aka tsayar da cewa duk shekara dala miliyan 900 za su shiga, mafi yawa daga kuɗin da kamfanoni ke biya na haƙar mai da iskar gas a teku. Hikimar ita ce abin da aka ciro daga dukiyar ƙasa wadda ba ta dawowa, a mayar da wani abu daga cikinsa ga ƙasar. Amma dokar ta bar ƙofa ɗaya a buɗe: kuɗin suna shiga a takarda, fitarsu kuwa sai majalisa ta amince duk shekara. Cikin fiye da shekara hamsin, da ƙyar aka taɓa sakin cikakken adadin, kuma fiye da dala biliyan 20 suka tafi wasu hidimomi. A 2018 ma wa'adin dokar ya ƙare, sai a 2019 aka mai da ita ta dindindin, sannan a watan Agusta na 2020 aka sa hannu a dokar da ta wajabta sakin dala miliyan 900 ɗin ba tare da jiran amincewar shekara-shekara ba. Shekara 56 suka yi kafin su rufe ƙofa ɗaya. Mu ma mun ga irinta: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta keɓe aƙalla kashi 1 cikin ɗari na babban asusun tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, amma sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin.

Ku dubi TETFund kuma, asusun tallafa wa manyan makarantu. Harajin ilimi ya fara a 1993 da kashi 2 cikin ɗari na ribar kamfanoni, aka sake fasalin asusun a 2011, kuma duk wanda ya shiga Jami'ar Bayero ko Ahmadu Bello ko ta Legas a Akoka zai ga gine-ginen da ke ɗauke da sunansa. Ba don ma'aikatansa waliyyai ba ne ya rayu. Kuɗinsa suna da mafari sananne, kuma yana da masu shi. Lokacin da ƙudurin gyaran haraji na 2024 ya zo da shirin janye kasonsa kwata-kwata daga 2030, ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU da wasu suka tayar da jijiyar wuya, kuma dokar da aka sa wa hannu a 2025 ta bar masa rabonsa.

Gaskiyar da ba zan ɓoye muku ba ita ce, jihohinmu ba su da kundin tsarin mulkin kansu, saboda haka Majalisar da ta yi doka yau tana iya warware ta gobe da rinjaye. Kulle na har abada babu. Abin da ake iya yi shi ne a sa taɓa kuɗin ya zama abin da ba a yi a ɓoye. A rubuta cewa kason yana tafiya kai tsaye daga wurin tarawa zuwa asusun a kowane wata. A rubuta cewa duk aron da za a ɗauka sai da ƙudurin Majalisa bayan zaman jin ra'ayin jama'a, da ranar biya. A rubuta cewa asusun ƙari ne a kan abin da aka saba bayarwa, wanda shi ne maganin hannun dama da na hagu da Baba ya ambata. A kuma ɗauki al'adar Asusun Tsaro na kiran taron shekara inda ake karanta lissafi a gaban gwamna da masu ba da gudummawa.

Game da mafarin kuɗin, ku yi hattara da harajin filaye da gidaje. Ya haɗa har da kuɗin da asalinsu na ƙananan hukumomi ne, don haka za ku tsokano shugabanninsu, kuma kowa ya tuna hayaniyar da ƙarinsa ya jawo a 2018. Na fi son a yanki wani kaso daga kuɗin da ake biya na amincewar gwamna a cinikin fili da na izinin cike ruwa da yashi, domin masu cin moriyar ƙasa su ne za su biya kuɗin abin da ya rage mata. Kada ku nemi sabon haraji ko kaɗan. Jihar Kolorado a Amurka da kuɗin caca take riƙe nata asusun tun 1992, amma wannan ba hanyarmu ba ce.

Malamin Islamiyya, Mile 12

Assalamu alaikum. Na karanta bayanin Alhaji da na Barista, na ƙaru ƙwarai. Abin da zan ƙara yana kan tambaya ta uku, wadda ba a tsaya a kanta sosai ba, kuma a wurina ita ce uwa.

Abin da kuke nema yana da suna a wurinmu tun kafin a san kasafin kuɗi. Lokacin da Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya samu gona a Khaibara ya nemi shawarar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an nuna masa ya tsare asalin ya sadaukar da amfanin, a kan sharaɗin ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado. Wannan shi ne wakafi. A ƙasar Hausa kuma kowane tsohon gari yana da hurumi, da burtali, da mashaya, wuraren da ko dagaci ba ya yanka wa ɗansa. Abin lura shi ne a duk waɗannan ƙasar ce aka tsare. Kuɗi ana sata a mayar, ana riƙewa a saki, amma hurumin da aka yi wa harsashi ya fita daga hannun jama'a.

Dattawan Ikko suna ba da labarin Lambun Ikoyi, inda iyalai ke zuwa hutawa. Yau rukunin gidajen Parkview ne, sunan kawai ya rage. A ɗaya gefen kuma ga cibiyar kiyaye daji ta Lekki, hekta 78, wadda gidauniyar kiyaye muhalli ta Nijeriya, da marigayi Cif S. L. Edu ya assasa, ta kafa a 1990 da tallafin kamfanin Chevron. A lokacin yankin daji ne da fadama. Yanzu gidaje sun kewaye ta ta ko'ina, amma birai da kadoji suna nan, yaran makarantarmu ma mun kai su sun hau gadar saman itatuwa mai tsawon mita 401. Abin da ya bambanta ta da Lambun Ikoyi shi ne tana da mai ita sananne, da iyaka, da shinge, da mai gadi da ake biya.

Mu 'yan Arewa bai kamata a ba mu labarin wannan ba. An yi dokar wuraren kiwo a 1965, aka ware fiye da 400 a faɗin ƙasar, amma waɗanda aka shigar a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, ba su kai rabi ba, sai gonaki da gidaje suka yi ta cin sauran, kuma kowa ya san abin da ya biyo baya tsakanin manomi da makiyayi. Sambisa gandun namun daji ne kafin sunansa ya zama abin tsoro. Kamuku ta Birnin Gwari tana cikin gandayen ƙasa na tarayya. Dajin da aka ce na gwamnati ne, aka hana talaka shiga, sannan aka bar ma'aikatan gandu ba mota ba kayan aiki, wani ne zai shiga ya zauna. Don haka ina tare da Barista cewa fili yana buƙatar kuɗin da ba sa yankewa, amma ina cewa a fara da takarda. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, to ku nemi a auna kowane lambu da filin wasa da fadamar da ta rage, a shigar da su a gazet da sunansu da girmansu, a kuma ce ba a sauya musu manufa sai Majalisa ta zauna a bainar jama'a. Fadamun nan da ake cikewa da yashi su ne matattarar ruwan sama, kamar yadda kududdufan Kano suke kafin a cike su. Ruwan da aka hana wurinsa ɗakin mutane yake shiga.

Sannan kada mu zuba wa gwamnati ido ita kaɗai. A cikin manyan 'yan kasuwarmu na Mile 12 da Alaba Rago da Agege akwai masu gina masallaci a layin da ke da masallatai uku. Da ɗaya daga cikinsu zai sayi fuloti biyu ya yi wakafinsu ga yaran unguwa, ya haɗa da shago ɗaya wanda hayarsa za ta riƙa biyan mai kula da wurin, da ya yi abin da muke roƙon Majalisa, asali da amfani a wuri ɗaya.

Gadina, Ikeja

Ina gaida iyayena. Ni ba ni da ilimin doka, amma shekara goma sha tara ke nan ina aikin lambu, kuma ina so Malam Baban Hafsa ya san yadda jinkirin kuɗi yake a ƙasa, domin ya samu abin rubutawa.

A Legas ana bikin dashen itatuwa ranar 14 ga Yuli, tsakiyar damina, kuma lokacin ya dace. Amma dashe ba ya zama itace sai ya tsallake rani biyu ko uku. Daga Disamba zuwa Maris, idan ba a ba shi ruwa aƙalla sau biyu a mako ba, kuma ba a yi masa keji saboda awaki da masu wucewa ba, kafin ruwan farko ya sauka ya zama sanda. Kafin in zo nan na yi aiki da wani ɗan kwangila a wata jiha da ba zan ambata ba, muka dasa itatuwa a gefen wani babban titi. Kuɗin kashi na biyu da ya kamata su fito a Nuwamba ba su fito ba sai Mayu. Mai tankar ruwa ya daina zuwa tun Janairu, mu kuma muka yi wata biyar babu albashi, wasunmu suka koma tura baro a kasuwa. Da kuɗin suka zo, a takarda an biya cif, babu wanda ya ci ko kwabo, amma abin da aka biya don a raya ya riga ya mutu, sai aka sake ba da kwangilar sabon dashe. Shi ya sa, Baba Alhaji, da girmamawa, rahoton wata uku zai nuna muku an saki kuɗi, ba zai nuna muku an sake su bayan rani ya wuce ba.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuma, kuɗin tanka da na man injin yankan ciyawa sun ninka. Idan za a keɓe kuɗi, a keɓe kaso cikin ɗari, kada a rubuta adadin naira, domin adadin da ya isa bana ba zai sayi rabin aikin ba nan da shekara uku. A kuma haƙa rijiyar burtsatse a kowane lambu tun ranar gini.

Maman Khalifa, Alimosho

Ina da ƙorafi guda biyu da nake so a sa a takardar, domin mu mata mu ne muke yini da yaran nan. Idan an tara kuɗin daga jihar gaba ɗaya, to a rubuta yadda za a raba su tsakanin ƙananan hukumomi bisa yawan jama'a, in ba haka ba Ikoyi da Victoria Island da Alausa za su ƙara kyau, Alimosho da ta fi kowace ƙaramar hukuma yawan mutane ta tashi da abin da ya rage. Kuma ƙananan lambunan cikin unguwa su zama na shiga kyauta, a bar karɓar kuɗi ga masu ɗaukar wuri don biki ko taro, kuɗin kuma su zauna a lambun da aka tara su.

Na biyun ya fi damuna. Mutanenmu da ke sana'a a bakin titi, da sun ji an ce za a ƙawata gari gabansu yake faɗuwa, saboda sun ga yadda aka share Oshodi a farkon 2009, kuma sun san cewa sau da yawa katafila ce ke riga fure zuwa. Idan kuna son mai shayi da mai gyaran takalmi su tsaya wa wannan asusu kamar yadda malaman jami'a suka tsaya wa nasu, a rubuta cewa ba za a kashe kuɗinsa wajen tayar da mutane ba tare da an ba su wani wuri ba, kuma a yi 'yan rumfuna na haya a bakin kowane lambu.

Baban Hafsa, Agege

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa shugabanmu amsoshin nan a waya jiya bayan sallar isha'i, kuma ya ce mu kira zama ranar Asabar, domin maganar Hajiya Maman Khalifa ta shafi mutum huɗu a cikin kwamitinmu waɗanda rumfunansu ke bakin titi. Wata matsala kuma ta taso daga maganar Malam: akwai wani fili a bayan makarantar firamaren unguwarmu wanda duk muka ɗauka na gwamnati ne, amma da na tambaya a daren jiya, mutum uku sun ba ni amsa uku, ɗaya ma ya ce wani gida na 'yan ƙasa ya daɗe yana da'awarsa. Barista, idan na je ofishin filaye a Alausa don a bincika mini matsayinsa, wace takarda zan riƙe, kuma ƙungiya ce za ta nema ko mutum ɗaya? Baba Alhaji kuma, don Allah a nuna mini shafin da zan duba a rahoton wata ukun, domin na sauke na bara a wayata, amma lambobin sun yi mini yawa ban gane layin lambuna ba.